Daga Kutupalong zuwa Durumi: Yadda Ake Kafa Ajin Lafiya da Zaman Duniya ga 'Yan Mata a Sansanin Gudun Hijira

Daga watan Agusta na 2017, mutum fiye da 700,000 'yan ƙabilar Rohinja suka tsere daga jihar Rakhine ta ƙasar Miyanma, suka tsallaka Bangaladash. Yau sama da miliyan ɗaya ne ke zaune a gundumar Cox's Bazar, akasarinsu a babban sansanin Kutupalong, cikin bukkokin gora da tamfol. Musulmi ne masu riƙo da kulle. Da zarar yarinya ta ga jinin farko, gidaje da yawa sai su tsare ta a ɗaki, makaranta ta ƙare, wasa ya ƙare, daga nan sai maganar miji. Wato daidai lokacin da ta fi buƙatar wanda zai yi mata bayanin jikinta, lokacin ne take ɓacewa daga idon kowa.

Duk wanda ya taɓa shiga sansanin Durumi, ko Sabon Kuchingoro, ko Wassa a nan Abuja, inda mutanen Gwoza da sauran garuruwan Borno suke tun wajen 2014, ba zai ji wannan labari baƙo ba: ɗakin buhu da leda da tsohon kwano, banɗaki ɗaya ga gidaje barkatai, ruwa sai an saya ko an yi layi. Abin da ke tafe jagora ne ga malama, ko ma'aikaciyar lafiya, ko ƙungiyar mata da ke son buɗe aji ga irin waɗannan 'yan mata. An ɗebo wasu dabarun daga sansanonin Rohinja, an auna su da yanayinmu.

Kafin a shimfiɗa tabarma

Yawancin ajin da ya mutu, tun kafin darasin farko ya mutu, don ba a nemi izini a inda ya kamata ba. A Kutupalong kowane rukunin bukkoki yana da shugaba da ake kira majhi, kuma ba a shiga rukuninsa ta bayansa. A nan ma haka ne. A fara da shugaban sansani, sai limami da fasto (sansanoninmu a gauraye suke, kada a tsallake ɗaya), sai shugabar mata, sannan iyaye mata su kansu. A cikin waɗannan duka, zaman iyaye mata ne ya fi nauyi. Shugaba zai iya amincewa da baki, amma uwa ce ke cewa "ajiye tallan ki tafi", ko ta ce "ba inda za ki".

Sunan da aka ba ajin yana iya kashe shi. Kada a ce "ilimin jima'i", kada a ce "tsarin iyali". A ce ajin tsafta da lafiya da tarbiyya, kuma a riƙe gaskiyar hakan. Wajen dattijo magana kamar haka take tafiya: "Baba, Allah ya ƙara girma. 'Ya'yanku muke so mu koya wa tsarki da tsaftar jiki da yadda za su kare mutuncinsu. Ga jerin darussan, a karanta muku. Ranar da Inna take so ta zo ta zauna ta ji, ƙofa a buɗe take." A karanta jerin da gaske, darasi bayan darasi. Abin da aka ɓoye wa iyaye yau, gobe za su ji shi daga bakin yarinya a murɗe.

Sai wuri. Matan Rohinja suna kiran ɗakunan da aka keɓe wa mata zalla a sansanoninsu shanti khana, wato gidan kwanciyar hankali, kuma ba namijin da ke shiga. Ka'idar ke nan: namiji ba ya shiga, ba ya leƙe, ba ya jin magana ta bango. Kada wurin ya kasance gefen mai shayi, ko tashar 'yan acaɓa, ko gidan kallon ƙwallo. Ya zama akwai banɗaki kusa mai kuba daga ciki, da bokitin ruwa da sabulu. Lokaci kuwa iyaye mata za su zaɓa, domin su suka san sa'ar ɗiban ruwa, da sa'ar talla, da ta Islamiyya.

A raba 'yan shekara 10 zuwa 14 daban, 'yan 15 zuwa 19 daban. Waɗanda aka riga aka aurar a yi musu nasu zaman, don tambayoyinsu daban ne, kuma mazajensu ba za su yarda su zauna da yara ba. Kada aji ya wuce mutum 20. Awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, sau ɗaya a mako, na tsawon wata uku ko huɗu, ya wadatar a zagayen farko.

Wa za ta koyar

A sansanonin Bangaladash an gane da wuri cewa ko da yaren mutanen Chittagong yana kusa da na Rohinja, kalmomin da suka shafi jikin mace sukan sha bamban, kuma mafi yawan matan ba sa karatu. Shi ya sa aka dogara da mata 'yan sa-kai daga cikin sansanin, da hotuna, da magana baki da baki. Mu ma kada mu ɗauka kowace yarinya daga Gwoza tana jin Hausa har cikin zuciyarta. Wata Gilabda ce yaren gidansu, wata Mandara, wata Barbarci. A haɗa mata biyu: ɗaya mai ilimin lafiya, ɗaya 'yar sansanin, mai shekara kamar 20 zuwa 30, wadda aka shaida tana da riƙon sirri. Idan aka ɗauko wadda bakinta ba ya shiru, yarinya ɗaya za ta faɗi damuwarta, kafin magariba sansani ya ɗauka, shi ke nan an rufe bakin sauran har abada.

Abu na ƙarshe kafin buɗewa, kuma shi aka fi mantawa: a san inda za a kai yarinya. A je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a san ma'aikaciyar jinya da sunanta, a san ranar allura, a san babban asibitin da ke karɓar wadda aka yi wa fyaɗe ko da tsakar dare, a ware kuɗin mota a ajiye. Ajin nan zai tono abubuwa. Zalunci ne a sa yarinya ta buɗe cikinta alhali ba a tanadi komai ba.

Jinin al'ada

Nan ne za a daɗe, zama uku ko huɗu ba su yi yawa ba. A fara da tambayar abin da suka ji, ba tare da dariya ba. Za a ji cewa idan namiji ya taɓa mai haila za ta yi ciki, ko cewa wanda ya ga ƙunzugunta zai iya yi mata asiri ta kasa haihuwa. Sai an san abin da ke cikin kai ake iya gyara shi.

Ga abin da kowace yarinya za ta fita da shi. Jinin farko yakan zo tsakanin shekara 10 zuwa 15, wadda ta wuce 15 ba ta gani ba a kai ta a duba. Jinin yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7. Daga ranar farko ta wannan jini zuwa ranar farko ta na gaba, ga babbar mace kwana 21 zuwa 35 ne, amma ga yarinya a shekarun farko yana iya kaiwa 45, kuma wannan ba ciwo ba ne. A ba kowa takarda mai gidaje 31, ko zare ta riƙa ƙulli ɗaya kowace rana, ta fara ƙirga daga ranar da ta ga jini. Amfanin lissafin shi ne kada ya zo mata ba shiri, kuma ta gane in wani abu ya sauya. A faɗa ƙarara cewa ba hanyar kauce wa ciki ba ce.

Alamomin da ke sa a tafi asibiti: jinin da ke jiƙa auduga sharkaf cikin awa ɗaya ko biyu, a kai a kai, jinin da ya wuce kwana 7, gudaji manya, jiri ko suma, ɗaukewar jini wata uku, ruwa mai wari ko mai launin kore tare da ƙaiƙayi ko ciwon mara. Farin ruwa mai yauƙi marar wari kuwa lafiya ce. 'Yan mata da yawa suna ɗaukarsa ciwon sanyi, su yi ta shan ƙwayoyi daga kemis, ko su yi matsi da alif da wasu haɗe-haɗe, su jawo wa kansu ciwon da babu shi da farko. Gaba da ruwa mai tsabta ake wanke shi, daga waje kawai, daga gaba zuwa baya. Ba a cusa sabulu ko turare ko wani magani.

Akwai wani tarko ga mai ɗauko littafin koyarwa daga wata ƙasa. Rohinja galibi mazhabar Hanafiyya suke bi, inda mafi tsawon haila kwana 10 ne. Mu nan Malikiyya ce, kuma Ahalarin da yaran suke karantawa a Islamiyya ya ce mai farawa tana iya kaiwa kwana 15. Idan malamar lafiya ta faɗi wani adadi, malamar Islamiyya ta faɗi wani, iyaye za su ce ajin yana ɓata addini. Mafita ita ce a gayyaci malamar Islamiyya ta ɗauki darasin wankan tsarki da hukuncin salla da azumi da kanta, ita kuma malamar lafiya ta bayyana cewa kwana 15 hukuncin ibada ne, amma jinin da ya zarce mako ɗaya yana ƙarar da jiki, a kai shi asibiti. 'Yan mata Kirista a nemo musu uwa daga zumuntar mata ta zauna da su.

Ɗinka ƙunzugu mai wankuwa

Audugar mata ta kanti tana da kyau, sai dai rabon agaji ba ya zuwa kowane wata, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin gidan da ke neman na masara. Don haka a koya musu ɗinka nasu da allura da zare. Kayan aiki: yadin auduga mai laushi (tsohon zanin atamfa da ya sha wanki ya fi sabo), tsohon tawul mai tsabta, leda mai ɗan kauri marar ƙara, maɓalli mai ɗanawa, almakashi, da kwali na yin ma'auni.

A yanka kwali mai tsawon santimita 25 da faɗin 8, a fitar masa da fiffike biyu a tsakiya, yadda faɗinsa daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin zai kai 20. A yanka yadi biyu a kan wannan siffa, a sa leda mai faɗin tsakiyar kawai a tsakaninsu, a ɗinke gefe. A ɗinka ɗamara biyu ƙanana a sama, ɗaya gaba ɗaya baya. Tawul kuma a yanka shi murabba'i, santimita 22 kowane gefe, a dinga ninka shi uku ana soke shi ƙarƙashin ɗamarun. Fiffiken su zagaye kamfai a ɗana maɓalli. Kowace yarinya tana buƙatar irin wannan mariƙin tawul guda biyu ko uku, da tawul shida zuwa takwas.

Dalilin raba tawul da mariƙinsa shi ne shanya. Wanda aka ɗinke shi dunƙule mai kauri ba ya bushewa a damina, kuma kowa ya gan shi a igiya ya san ko mene ne. Tawul da aka warware kuwa kamar hankici yake. A sansanonin Rohinja kunyar shanya a fili ta sa mata suna ɓoye tsummansu a lungun bukka inda rana ba ta kaiwa, su mayar da shi jiki da danshi, kuma abin da ke faruwa a nan ke nan daga Yuni zuwa Satumba. Danshi shi ke kawo ƙaiƙayi da ƙuraje da wari. A jiƙa da ruwan sanyi tukuna, don ruwan zafi yana kama jini ya zauna a yadi. A wanke da sabulu, a ɗauraye sosai, a shanya a rana, in ana jin kunya a yafa mayafi marar kauri a kai. Ranar da babu rana a goge da dutsen guga. A canza kowane awa 4 zuwa 6. Ba a aron na wata, ko da 'yar uwa ce.

Kada a manta da kamfai. Sau da yawa a raba auduga, a yi ta mamakin ba a amfani da ita, ashe yarinyar ba ta da abin da zai riƙe ta. A sa kamfai uku da sabulu a kayan kowa. Audugar kanti da aka yi amfani da ita a naɗe ta a ƙona ko a binne da zurfi, ba a jefa ta masai, tana toshe shi.

Ciwon mara: tsumma mai ɗumi ko gorar ruwan ɗumi a kan mara, da ɗan tattaki. In bai lafa ba, farasitamol, ko ibuprofen miligiram 200 zuwa 400 bayan an ci abinci ga wadda ta kai shekara 12, ban da mai gyambon ciki ko asma. A ja kunne sosai a kan tiramol da maganin tari mai kodin, domin ta ƙofar ciwon mara wasu suke shiga shaye-shaye.

Jini, ruwa da allura

Yarinya mai girma, tana zubar da jini kowane wata, abincinta tuwo da miya tsululu, ƙarancin jini na jiranta. A koya musu duba cikin fatar ido da tafin hannu: in sun yi fari fat, ga kasala da haki da bugun zuciya, a je a auna. Abincin da ke taimakawa kuma aljihu zai iya: zogale, alayyafo, rama, wake, gyaɗa, daddawa, ƙananan busasshen kifi, hanta in ta samu. Lemo ko gwaiba ko tsamiya tare da abinci suna taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe, shayi kuwa yana hanawa, a jinkirta shi awa ɗaya ko biyu bayan ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙwayar ƙarin jini sau ɗaya a mako ga mata masu al'ada a inda ƙarancin jini ya yi yawa, mai miligiram 60 na ƙarfe da 2.8 na folik asid, wata uku ana sha, wata uku ana hutawa. A karɓo ta hannun asibiti, kuma a gaya musu tun farko cewa bayan gida zai yi baƙi, wata za ta ji tashin zuciya in ta sha da yunwa. In ba a faɗa ba, mako na biyu za a ji an ce maganin hana haihuwa ne.

'Yan matan nan su ne masu goyon ƙanne, don haka darasin gudawa yana ceton rai a zahiri. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A haɗa a gabansu, kowa ta ɗanɗana: kada gishirinsa ya fi na hawaye. Gishiri ya yi yawa yana iya illata jariri. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a sake sabo. In akwai na ƙunshi daga asibiti ya fi, tare da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa maganin kulorin bisa ma'aunin da ke jikin kwalba a jira minti 30.

Allura biyu ce ta shafe su kai tsaye. Ta HPV, mai kare mace daga sankarar bakin mahaifa, wadda Najeriya ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14, sau ɗaya tak, kuma Abuja na cikin rukunin farko. Sai ta tsinkau-tsinkau da mashaƙo ga 'yan 15 zuwa sama, wadda ake yi sau biyar: ta biyu bayan mako huɗu, ta uku bayan wata shida, ta huɗu da ta biyar shekara ɗaya-ɗaya. Mashaƙo ya ɓarke a sansanonin Rohinja a ƙarshen 2017 saboda yawancinsu ba su taɓa samun rigakafi a gida ba, mu ma mun ga ɓarnarsa a Kano da wasu jihohin Arewa a 2023. A nemi yardar iyaye kafin kowace allura, kuma malama ta riƙe kwafin katin.

Kare kai, da maganar aure

Wannan darasi a bar shi sai mako na takwas ko na tara, lokacin da aka saba. A zana taswirar sansanin a ƙasa da tsinke, a ce kowa ta ɗora dutse a inda take jin tsoro. Duwatsun za su taru a hanyar banɗaki da dare, da wajen itace, da gini ko garejin da ake kai talla. Daga nan sai a fitar da abin yi: tafiya bibbiyu, tocila, kuba a ƙofar banɗaki, ba a shiga ɗakin kowa don karɓar kuɗin talla. Kowace yarinya ta ambaci babbar mace ɗaya da za ta iya gaya wa komai. A yi gwajin faɗin "a'a" da ƙarfi, a tsaye, har sai muryar ta fito, domin yarinyar da aka yi wa tarbiyya a kan sunkuyar da kai ba za ta iya ba sai ta gwada. A yi maganar masu zuwa da alkawarin aikatau a Maitama ko Legas ko ƙasar waje. 'Yan matan Rohinja da dama ta hanyar alkawarin aiki ko aure a Maleshiya aka yi safararsu a jiragen ruwa.

In yarinya ta ce an taɓa ta, malama ta saurara, kada ta yi salati da ihu, kada ta tambaye ta me ya kai ta. Ta ce: "Ƙanwata, na yarda da ke, ba laifinki ba ne. Akwai maganin da ke da lokaci, mu je a duba ki." Lokacin kuwa ƙayyadadde ne: maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon ingancinsa. In da hali kada ta yi wanka ko ta wanke kayan kafin a je, amma ko ta yi, a je. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 tana aiki a Abuja, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ce ke kula da aiwatar da ita, haka ma dokar kare haƙƙin yara ta 2003. Kada malama ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba, ta ce ba za ta gaya wa kowa ba sai wanda zai taimaka, kuma da saninta. Sulhun da ake yi a ɗakin shugaba a biya kuɗi a rufe magana, yarinya ta gaba yake jefawa a hannun wanda ya yi laifin.

Maganar auren wuri kuwa da iyaye ake yinta, ba da yarinya kaɗai ba, don ba ita ke yanke hukunci ba. Uban da ke aurar da 'yar shekara 14 a sansani yawanci tsoro da yunwa ne suka kai shi, kuma zagi ba ya sauya shi. Abin da ke shiga kunne shi ne bayanin jiki: ƙugun yarinya bai gama buɗewa ba, naƙuda ta daɗe, kan jariri ya danne mafitsara har naman ya mutu, sai yoyon fitsari. Kowa ya san wata da aka kai Babbar Ruga a Katsina ko asibitin Jankwano a Jos. A kawo ungozomar asibiti ta yi wannan bayani a zaman iyaye mata, limami ko fasto ya yi wa maza. Wadda aka riga aka aurar kuma ta samu ciki, kada a kore ta daga aji. A haɗa ta da awo tun watannin farko, a koya mata da uwar mijinta alamomin haɗari: zubar jini, kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, da naƙudar da ta wuce awa 12.

A riƙe rajista. Yarinyar da ta yi fashi sau biyu a jere, malamar nan 'yar sansanin ta je gidansu da sallama, ta gaida Inna, ta tambayi lafiya, ba da sigar tuhuma ba. Dalilin yakan zama ɗaya daga cikin huɗu: an ƙara mata talla, ko ta fara al'ada an tsare ta, ko an sa rana, ko wata a ajin ta fitar da sirrinta. Na farko ana gyara shi da sauya lokaci. Na biyu da rakiya, wata babba ta ɗauko ta ta mayar da ita har ƙofa. Na uku a koma wajen iyaye da ungozoma tun kafin a kai goro. Na huɗu kuwa a tsayar da darasin ranar, a sake ɗaure alkawarin sirri da kowa da kowa, sannan malama da kanta ta je ta ba yarinyar haƙuri.